Littattafai da manhajar lissafin gini: ta ina sabon injiniya zai fara

Duk matashin da ya gama bautar ƙasa ya zo ofishinmu a Kano koyon aiki, tambayarsa ta farko kusan ɗaya ce: "Oga, wace manhaja zan sa a kwamfuta?" Wasu ma da filashi cike da manhajoji suke zuwa, so kawai suke a nuna musu inda za su danna. Abin da nake gaya musu shi ne manhaja ce ta huɗu a layi. Kundin ƙa'ida ne na farko, sai littattafai, sai lissafin hannu, sannan ita. Wanda ya bi wannan jeri yakan yi jinkiri a watannin farko, amma shi ne za ka iya tura wa zane ka kwanta ka yi barci.

Fara da zaɓen kundi ɗaya

A Najeriya yawancin ofisoshin lissafin gini har yanzu da ƙa'idojin Birtaniya suke aiki: BS 8110 na kankare mai rodi, BS 5950 na ƙarfe, BS 6399 na nauye-nauyen da gini ke ɗauka, BS 8004 na fandisho. BS 8110 ya fito a 1985, aka sabunta shi a 1997, kuma su Turawan Ingila sun janye shi tun 2010 suka koma Eurocode 2. Mu dai ba mu sake shi ba. Malaman da suka koyar da mu da shi suka saba, masu duba zane a hukumomin tsara birane da shi suka saba, tsofaffin lissafin da za ka tarar a kabad ɗin kowane ofis da shi aka yi su. Don haka shawarata ka fara da BS 8110 har ya zauna maka, ka iya buɗe shafin da kake nema ba tare da duba jerin abubuwan da ke ciki ba. Bayan haka ka shiga Eurocode da gaske, domin sababbin littattafai a kansa ake rubuta su, kuma aikin da ya zo da masu ba da shawara daga waje galibi shi za a nema.

Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne gauraya kundi biyu a lissafi ɗaya. A BS 8110 nauyin dindindin ana ninka shi da 1.4, nauyin mutane da kaya da 1.6. A Eurocode 1.35 ne da 1.5. BS yana auna ƙarfin kankare da kiyub, wato samfurin kankare mai siffar akwati da ake fasawa a gwaji, Eurocode kuma da samfuri mai siffar silinda yake lissafi, shi ya sa za ka ga an rubuta C25/30: 25 na silinda, 30 na kiyub. Yaro ya ga "25" a zanen da aka yi da BS, ya je manhaja ya zaɓi C25/30 a ƙarƙashin Eurocode, to ya ba kankarensa ƙarfin kiyub 30 wanda ba wanda zai zuba masa a fili. Ba wani jan layi da zai fito ya gargaɗe shi. Kowane kundi an auna lambobinsa ne su yi aiki tare da juna, in ka ɗauki mai sauƙi daga nan ka ɗauki mai sauƙi daga can, kariyar da aka tanadar wa mutanen da za su kwana a ginin ce kake zaftarewa.

Ga wanda aiki zai iya kai shi Maraɗi ko Damagaram ko Yamai: abokan aikinmu na Nijar da tsarin Faransa suka tashi, BAEL 91 da aka yi wa gyara a 1999, kuma Robot ce manhajar da za ka fi gani a hannunsu. Alamomin rodi ma daban ne, inda muke rubuta Y12, wato rodi mai kaurin milimita 12, su HA12 suke rubutawa. In ka karɓi aiki a can ka bi nasu daga farko har ƙarshe.

Littattafan da za su zauna a teburinka

Ba ka buƙatar littafi ɗari. Na ga matasa da manyan fayiloli cike da littattafan da aka tura a zaurukan WhatsApp, ba su taɓa karanta babi ɗaya har ƙarshe ba. Huɗu ko biyar da ka sani ciki da waje sun fi.

Na farko da nake miƙa wa sabon zuwa shi ne Simplified Reinforced Concrete Design na Injiniya Victor Oyenuga. Ɗan ƙasarmu ne ya rubuta shi, kuma ginin da ke cikinsa irin wanda za a kawo maka ne gobe: bulo mai inci tara, dekin mai kaurin milimita 150, fila 225 ko 230. Yana nuna maka yadda ake jera lissafi a takarda yadda ofis yake so, daga dekin zuwa bim, zuwa fila, zuwa fandisho. Shi ne littafin da zai sa ka fara aiki.

Na biyu shi ne Reinforced Concrete Design na Mosley da Bungey, wanda daga baya Hulse ya shigo cikinsu. Wannan shi zai gaya maka dalili: daga ina lambobin lissafin rodi irin su 0.156 da 0.95d suka fito. Amma ka duba bugun da ke hannunka kafin ka biya kuɗi. Bugu na biyar a kan BS 8110 yake, daga na shida suka koma Eurocode 2. Akwai wani abin da ke rikita yara a nan. BS 8110 na 1997 da 0.95fy yake lissafin rodi (fy shi ne ƙarfin rodin), bugun 1985 kuwa 0.87fy ne, kuma gyaran 2005 ya sake mayar da shi 0.87fy tare da ɗaga ƙarfin rodi zuwa 500. Saboda haka za ka iya buɗe littafi biyu, dukansu sun ce BS 8110, lambobinsu sun sha bamban. Ba kuskuren bugu ba ne. Ka rubuta a shafin farko na lissafinka wanne ka bi.

Na uku Reinforced Concrete Designer's Handbook na Reynolds, wanda ya fara fitowa tun 1932. Ba littafin karantawa daga farko ba ne, na dubawa ne. Ranar da aka kawo maka tankin ruwa na ƙasa, ko bangon tare ƙasa, ko kwalbati, ko matakala mai murɗewa, a nan za ka sami teburin da kake nema. Bugu na goma ya dace da mai aiki da BS, na sha ɗaya na 2008 ya haɗa da Eurocode.

Sauran a taƙaice. Design of Structural Elements na Chanakya Arya ya ajiye BS da Eurocode a littafi ɗaya, shi ne gada mai kyau ranar da za ka tsallaka. Na ƙarfe, teburan girman ƙarafa da ake kira Blue Book ana samun su kyauta a intanet. Na ƙasa da fandisho, Foundation Design and Construction na Tomlinson. Sai BS 8666 na jadawalin lanƙwasa rodi, wanda mutane ke rainawa alhali shi ne yaren da kake magana da mai ɗaurin rodi da shi.

Kundin kansa ka nemi cikakke ka buga a takarda. Kwafin da ake sayarwa a bakin makaranta sau da yawa wasu shafuka sun faɗi, ko tebur ya fito rabi. Ka gwada shi da na ɗakin karatun sashen injiniya a jami'a mafi kusa da kai, ko Zariya ko Bayero ko wata. Sannan ka sayi babban littafin rubutu mai bango mai kauri, ka mai da shi naka littafin dubawa: nauyin bulo, nauyin tayil, yankin kowane rodi, kuskuren da ka ga an gyara wa wani a ofis. Bayan 'yan shekaru shi za ka fi buɗewa fiye da duk waɗanda na lissafa.

Lissafin hannu, da lambobi a gabanka

Bari mu yi tare, don a nan ne maganar take. Ɗauki gidan zama mai dekin biyu, filoli a tazarar mita 4 kowane ɓangare.

Dekin mai kaurin milimita 150, kankare kN 24 a kowace mita kiyubik (kN ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne), nauyinsa 3.6 kN/m². Ƙara 1.2 na tayil da siminti da filastar ƙasansa, ya zama 4.8. Gidan zama BS 6399 ya ba shi 1.5 na mutane da kaya. Ninka: 1.4 sau 4.8, a haɗa da 1.6 sau 1.5, ya ba ka kusan 9.1 kN/m².

A ce wani ɓangaren dekin ɗin a kan bim biyu kawai ya zauna, tsakaninsu mita 4. Ƙarfin lanƙwasa wL²/8 ne, w nauyin, L tazarar, wato 18.2 kNm. In ka cire milimita 25 na rufin kankare da rabin rodi, d, wato zurfin daga saman dekin zuwa tsakiyar rodi, ta zama 119. Da kankare mai ƙarfin 25 da rodi mai ƙarfin 410, rodin da ake buƙata kusan 420 mm² ne a kowace mita. Y12 a tazarar 200 yana ba da 565. Sabon injiniya a nan yakan ajiye biro ya ce an gama. Ba a gama ba. Saura duba lotsawa: raba tazarar, milimita 4000, da 119, za ka sami kusan 33.6. Kundi ya ba dekin da ke zaune a kan madogara biyu lamba 20, mai ci gaba a kan madogarai da yawa 26, mai fitowa ba fila 7, sai a ninka da wata lamba da ta danganta da yawan rodin da ka sa. Da Y12 a tazarar 200 iyakar da aka yarda ba ta kai 32 ba. Ma'ana dekin ba zai karye ba, amma zai lotsa, filasta ta tsage, ƙofar ƙasa ta fara cijewa, mai gida ya riƙa kallon silin yana salati. Matse tazarar zuwa 150, ko ka ƙara kauri zuwa 175, sai ya wuce. Wanda ya yi wannan da hannunsa sau ɗaya ba zai ƙara mantawa da cewa a dekin lotsawa ce ke yawan yin hukunci ba.

Yanzu fila ta tsakiya. Tana ɗauke da mita 4 sau 4, murabba'in mita 16, sau 9.1, kusan kN 146. Bangon bulo mai inci tara da filasta gefe biyu muna ɗaukarsa kusan 3.5 kN/m², in ka ninka da tsayin bangon ka haɗa da bim ɗin da ke ƙarƙashinsa ya kai kusan kN 11 a kowace mita. Mita 8 ne ke zuwa kan filar, sau 1.4, kusan 123. Kowane bene ke nan yana sauke mata wajen kN 270. Dekin biyu 540, da rufi da nauyin ita kanta filar, ka ce 600.

Fila 230 sau 230 mai Y16 guda huɗu, da kankare 25, in gajera ce kuma ginin yana da abin da ya tokare shi, ƙa'idar BS mai sauƙi tana ba ta kusan kN 685. Ta wuce, amma ba da tazara mai yawa ba. To a ce a fili an cika wa kwaɓin ruwa don ya yi saurin shiga katako, kankaren ya tsaya a 15. Ƙarfin filar ya dawo wajen 500. Ko kuma bayan shekara biyu Alhaji ya samu kuɗi ya ce a ɗora masa bene ɗaya, nauyin ya haura 870. Wannan lissafin bai fi minti goma ba a bayan takardar zane, kuma shi ne abin da za ka ajiye a gaban mai gini idan ya ce "ai ginin maƙwabcina haka aka yi, ga shi nan tsaye."

Fandishon ma haka. Cire ninkin kariya, wato 1.4 da 1.6 ɗin nan, nauyin ya dawo wajen 415, ƙara kashi goma cikin ɗari na nauyin fandishon, raba da abin da ƙasa za ta ɗauka. In 150 kN/m² ne, kana buƙatar kusan murabba'in mita 3, wato 1.8 sau 1.8.

Duk aikin da za ka shigar a kwamfuta, ka fara yin irin wannan ga fila ɗaya ta tsakiya, ɗaya ta gefe, bim mafi tsawo, da kowace baranda mai fitowa. Ka rubuta amsoshin ka ajiye gefe kafin ka kunna manhajar.

Lambobin da ba a littafi suke ba

Manhaja kamar injin niƙa take, abin da ka zuba mata shi za ta niƙo maka. Lambobi uku ne suka fi kowane muhimmanci, kuma duka ukun a fili ake samo su.

Rodi. Kundi zai ce ƙarfinsa 460 ko 500, manhaja ma da haka take zuwa. Da yawa daga cikinmu 410 muke sa wa rodin kasuwa sai in an gwada. Kafin a sauke tirela, ka je da kanka ko Ƙofar Ruwa ko duk inda za a saya, da ma'aunin kauri da ƙaramin sikeli. A yanko maka mita ɗaya. Nauyin mita ɗaya na rodi shi ne kaurinsa sau kansa a raba da 162: Y12 kilo 0.888, Y16 kilo 1.58. Sikeli ya fi ma'aunin kauri gaskiya, saboda zanen da ke jikin rodi yana ruɗar awo. Rodin da aka ce 16 ne amma ainihinsa 14.5 ne, yankinsa 165 mm² maimakon 201, kashi 18 cikin ɗari ya tafi kafin a ɗaura waya ɗaya. In aikin babba ne, kai guntaye ɗakin gwaji a ja su har su tsinke. Sassan injiniya na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha suna yin wannan, kuɗinsa bai kai na tan ɗaya na rodi ba.

Kankare. Ɗaya, biyu, huɗu da ake aunawa da kwanon sarki ba alƙawari ba ne na samun 25. Ya danganta da simintin, 32.5 ne ko 42.5, da tsabtar yashi, da yawan ruwa, da ko an girgiza shi, da ko an shayar da shi bayan zubawa. A zafin Maris da Afrilu, dekin da aka zuba da safe aka bar shi ba ruwa zuwa la'asar ya riga ya yi asara. In na san da hannu za a kwaɓa kuma ba injiniya a wurin kullum, 20 nake sa wa a lissafi. A cika kiyub masu milimita 150 a ranar zubi, a fasa wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Na kwana bakwai yakan kai wajen kashi biyu cikin uku, ya isa ya faɗakar da kai kafin a ɗora bene na gaba.

Ƙasa. Akwatin da ake rubuta ƙarfin ƙasa a manhaja yana zuwa da lamba a ciki, kuma lambar ba ta san filinka ba. Marmara mai tauri tana ɗaukar nauyi sosai. Amma a cikin Kano filaye nawa ne tsohon kududdufi aka cike da shara da ɓaraguzai aka sayar? Ka tambayi dattawan unguwa me ke wurin shekara talatin da suka wuce, su ne rahoton farko. A sassan Borno da Adamawa da Gombe kuma akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga fandisho tana saukewa. Gini mai bene biyu zuwa sama, kada ka sa hannu ba gwajin ƙasa.

Akwai na huɗu da nake ƙarawa: ka tambayi mai gini me zai yi da wurin, ka sake tambaya. Gidan zama 1.5 ne, ofis 2.5, aji 3.0. Gidaje nawa aka mayar makarantar Islamiyya ko firamare mai zaman kanta? Ɗan kasuwa ya mai da saman bene sito, buhu goma masu kilo ɗari a murabba'in mita ɗaya ba wani tsibi ba ne, amma kN 10 ke nan, ya ninka abin da ka lissafa fiye da sau shida. Tankin ruwa mai lita 2000 tan biyu ne, kuma ba kasafai yake fitowa a zanen akitek ba. Sai iskar farkon damina, wadda ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Ɗaurin rufi da bim ɗin sama lissafi ne, kada a bar wa kafinta shi kaɗai.

Sai manhaja

Ka koyi AutoCAD da Excel tukuna. Ba ofishin da zai ɗauke ka ba AutoCAD, Excel kuma a ciki za ka mai da lissafin hannunka abin da za ka maimaita. Ka gina naka shafin na dekin da bim da fila, kowane layi ka rubuta sashen kundin da ya fito. Shafukan Excel da ake kira RCC, waɗanda cibiyar kankare ta Ingila ta fitar, suna da kyau a gwada naka da su.

Na gine-ginen kankare na yau da kullum, abin da ya fi yawo a ofisoshinmu shi ne Orion da magajiyarta ProtaStructure. Kamfanin Prota na Turkiyya ne ya ƙera, CSC na Ingila ya riƙa sayar da ita da sunan Orion, da kamfanin Trimble ya sayi CSC a 2013 sai suka fito da Tekla Structural Designer, Prota kuma ya ci gaba da tasa. An so ta ne don tana fitar da zanen rodi kai tsaye. ETABS ta kamfanin CSI na Amurka ta fi ƙarfi a dogayen benaye da lissafin iska, SAFE 'yar gidansu ta dekin da fandisho mai faɗi, SAP2000 kuma ta kowane irin tsari. STAAD.Pro ta Bentley za ka fi ganinta a aikin ƙarfe, rumfunan masana'antu, hasumiyar tanki, da harkar man fetur. Mai son hanya da magudanar ruwa ya nemi Civil 3D, ya haɗa da HEC-RAS da EPANET da QGIS, waɗannan ukun kyauta ne.

Ɗaya za ka zaɓa, wadda ofishin da kake ciki ke amfani da ita, ka zauna a kanta shekara guda. Wanda ya san ɗaya da zurfi cikin mako biyu zai kama ta biyu.

Maganar lasisi kuwa, na san kuɗin da dala ne kuma ya fi ƙarfin mai farawa. Duk da haka ba na ba da shawarar manhajar da aka fasa. Haƙƙin mutane ne, wannan ɗaya. Na biyu, ba ka samun gyaran da kamfani ke fitarwa idan an gano kuskure a lissafinta, kuma ba ka san me mai fasawar ya taɓa ba. Ɗalibi yana samun manhajojin Autodesk kyauta da shaidar makaranta, kamfanoni da dama suna ba da kwanakin gwaji, ƙananan manhajoji irin su Ftool da LinPro sun isa lissafin bim da firam, SMath Studio kuma ta isa rubuta lissafi mai tsabta. Da waɗannan da Excel mutum zai iya gama gida mai bene ɗaya ko biyu ba tare da ya rasa komai ba. Kuɗin lasisi kuma ka fara sa shi cikin farashin aikinka tun yanzu.

In ka gina ginin a kwamfuta, kafin ka kalli rodi ko ɗaya ka duba waɗannan. Kundin da aka zaɓa da ma'aunai, mita ce ko milimita. Jimillar nauyin da ya sauka a fandisho, ta yi daidai da jimillar abin da ka ɗora? Buɗe hoton yadda ginin ya lanƙwashe ka kalle shi da kyau: bim ɗin da bai haɗu da fila ba a nan zai tona kansa, za ka gan shi yana reto shi kaɗai. Ƙasan filoli, ka ɗaure su kam ne ko ka bar su suna juyawa, kuma fandishon da za a haƙa zai iya abin da ka ce? Bangon da ke kan dekin ba bim a ƙasansa, an sa nauyinsa? Karanta saƙonnin gargaɗi ɗaya bayan ɗaya, kada ka rufe su. Sannan ɗauko takardar da ka ajiye gefe. In filar da ka lissafa 600 ta fito 570 ko 650, kuna tare. In ta fito 350, tsaya. Ko kai ko ita wani ya ɓata, kuma ba za a ci gaba ba sai an gano waye.

Kada ka ɗauka wannan taka-tsantsan na masu ƙaramin ofis ne. Ranar 23 ga Agusta 1991, gindin kankare na dandamalin haƙar mai na Sleipner A ya nutse a kusa da Stavanger ta ƙasar Norway ana cikin gwajinsa. Bincike ya nuna yadda aka tsara ginin a manhaja ya sa aka raina ƙarfin yankewar da zai faɗa wa wasu bangaye da kusan kashi 47 cikin ɗari, rodin wurin bai isa ba. Asarar ta kai wajen dala miliyan 700. Ƙwararru ne, da manhaja mai lasisi, da kuɗi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Daga kwamfuta zuwa hannun mai ɗaurin rodi

Zanen da manhaja ta fitar ɗanye ne. Za ta iya ba ka Y16 uku a wannan bim, Y20 biyu da Y12 ɗaya a na kusa da shi, Y25 a na gaba, don ita ƙididdiga kawai take yi. Mai ɗaurin rodi yana tsaye a rana da almajiransa biyu, in ka ba shi kala biyar sai ya musanya. Ka daidaita su zuwa kala biyu ko uku. Ka zana mahaɗar fila da bim da girma, ka ƙirga ko tsakuwa za ta iya wucewa tsakanin rodunan, domin bim mai faɗin 230 ba ya ɗaukar Y20 biyar a layi ɗaya komai abin da allo ya nuna. Rodi mita 12 yake zuwa, ka nuna inda za a haɗa da tsawon haɗin. Fila mai kusurwa huɗu kada ta gaza rodi huɗu masu milimita 12, kada kuma rodin ya gaza kashi 0.4 cikin ɗari na yankinta.

Baranda mai fitowa ba fila ita ce na fi tsayawa a kanta. Rodinta a sama yake aiki, kuma dole ya shige cikin dekin da nisa. Ranar zubi leburori suna taka shi da baro da kwanon sarki, ya kwanta ƙasa, d ɗin da ka lissafa 119 ta koma 60. Ka zana kujerun rodi a zanen, ka rubuta tazararsu, ka rubuta a sa biskit a ƙasa don rufin kankare, kuma ka je da kanka da safe kafin a fara kwaɓi ka sa tef ka auna. In mai ɗaurin ya fi gane Hausa, zauna da shi a kan bulo ka bi zanen da shi layi layi. Sau da yawa shi zai nuna maka inda rodin ba zai lanƙwasu yadda ka zana ba, kuma gaskiyarsa ne.

Kowane aiki ka buɗe masa fayil na takarda. Shafin farko: kundin da aka bi da shekararsa, ƙarfin kankare da rodi, ƙarfin ƙasa da wanda ya gwada, adadin benen da aka lissafa, amfanin kowane bene, sunan manhaja da lambar fitowarta. Adadin benen nan ka sake rubuta shi a jikin zanen da manyan baƙaƙe, ka karanta wa mai ginin a gaban shaida. Bayansa lissafin hannunka, sai abin da kwamfuta ta fitar, sai sakamakon kiyub da rodi yayin da suke zuwa. Har ka sami rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, injiniya mai rajista ne zai duba ya buga hatimi, kuma wannan fayil ɗin za ka kai masa tare da zanen. Ka ajiye kwafi biyu na komai, ɗaya a ofis, ɗaya a wani wuri daban, domin ranar da za a zo neman ƙarin bene bayan shekara goma, kwamfutar da aka yi aikin da ita ta daɗe da mutuwa.